Rijiyar da Ba a Shan Ruwanta

Akwai rijiyar da ba don sha ake haƙa ta ba. Bututun roba ne siriri, faɗin bakinsa kamar santimita 5, an tsattsaga gindinsa don ruwa ya riƙa tsatsafowa ciki, an zagaye shi da yashi, an toshe sama da yumɓu kada ruwan sama ya gangara, sannan a sa murfi a danna kwaɗo. Irinta ake jerawa a kewayen matatar mai ko ma'ajiyar fetur ko masana'anta, domin a san abin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa.

Guda 142 hukumar UNEP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙa a yankin Ogoni na Jihar Ribas, kafin ta fitar da rahotonta a watan Agustan 2011. A Nisisioken Ogale an tarar da mai kwance a saman ruwan ƙasa, kaurinsa ya kai santimita 8. Ruwan da jama'a ke sha kuwa, benzin da ke cikinsa, sinadarin nan mai jawo sankarar jini, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Wannan adadi ya zaga duniya. Ni dai hannun da ya cika kwalbar samfurin ruwan ne ke burge ni, domin da ya yi garaje, da adadin ya fito ƙarya.

Mai ɗiban samfur ba ya isowa ya jefa guga. Zai fara zura igiyar awo mai ƙaramar na'ura a bakinta, wadda ke ƙara da ta taɓa ruwa, wata ma tana bambance kukan mai da na ruwa. Ya rubuta zurfin. Da awon rijiyoyi uku kacal gwani zai gaya maka inda ruwan ƙasa ya dosa, wato unguwar da gubar za ta isa nan gaba.

Sai zubar da kwantaccen ruwa. Wanda ya daɗe tsaye cikin bututu ya sha iska, ya canja, ba shi ne ainihin ruwan ƙasa ba. Wasu kan kwashe ninki uku na abin da rijiyar ke riƙewa. Wasu kuma su sa ƙaramin famfo mai ja a hankali, ƙasa da rabin lita a minti ɗaya, su zauna cikin rana suna kallon na'ura tana auna tsami da zafi da gishiri da gurɓacewar ruwan, har sai alƙaluman sun daina rawa. Ruwan da aka kwashe ma ganga ake zuba shi a rufe, don mai yiwuwa guba ne.

Cika kwalbar shi ne wurin gwaninta. Benzin ɗan gudu ne, da ya samu iska ya tsere. Saboda haka 'yar kwalbar gilashi ce mai cin mililita 40, da ɗigon asid a ciki. Za a karkata ta, ruwa ya silale ta gefe ba fantsama, a cika har ya yi tozo a baki, a murɗa murfi, a kifa ta, a ƙwanƙwasa da yatsa. In kumfa ta taso, aikin ya ɓaci, a ɗauko sabuwa. Daga nan sai cikin kula mai ƙanƙara, kuma dole a gwada ta kafin kwana 14.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne mutanen nan ba su yarda da kansu ba. Daga rijiyar da ta fi tsabta suke farawa, su ƙare da mafi dauɗa, kowace da sabuwar safar hannu. Suna yawo da kwalbar tsarkakken ruwa da ba a buɗewa, in an ga benzin a cikinta, to a hanya aka kwaso shi. Sukan cika kwalba biyu daga rijiya ɗaya, su laƙa wa guda sunan bogi, su ga ko ɗakin gwaji zai ba da amsa iri ɗaya. Duk wanda kular ta ratsa hannunsa sai ya sa hannu da lokaci a takarda, domin takardar na iya zuwa gaban alƙali, lauyan kamfani kuwa ɓaraka ɗaya yake nema.

Ruwa ba ya tsami banza, amma nuna wanda ya tsamar da shi sai da hujja. Mazauna kusa da majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, in an nuna muku takarda an ce ruwan burtsatsenku lafiya lau, ku tambaya wa ya ɗebi samfurin, ko ya zubar da kwantaccen ruwa tukuna, da kwana nawa kwalbar ta yi kafin ta isa ɗakin gwaji.