Ibadan, Birnin Maɗaba'u, da Marubucin Ƙagaggen Labarin Hausa: Tarke Daga Unguwar Sabo

Duk wanda ya tashi daga unguwar Sabo ta Ibadan, ko Badun kamar yadda fatake suka saba kiranta, ya nufi Jericho, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai iske kansa a tsakiyar kamfanonin ɗab'i mafiya daɗewa a Nijeriya. A wannan birni ne kamfanin Oxford ya buɗe reshensa a 1949, wanda ya koma University Press a 1978, kuma a nan Heinemann da Evans suka kafa ofisoshinsu. Ita kuwa Sabo, tun 1916 aka keɓe ta ga Hausawa masu fataucin goro da shanu. Tambayar da wannan ɓangare na rahoto yake son dubawa ita ce: mene ne wannan maƙwabtaka ta fiye da shekara saba'in ta haifar wa ƙagaggen labarin Hausa, kuma wane tasiri hakan yake da shi a kan littattafan da muke sanyawa a manhaja?

Ba za a ce Ibadan ba ta yi wa Hausa hidima ba. Daga can ne jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya ya fito a farkon shekarun 1970, haka nan ƙamusun Hausa zuwa Ingilishi na Paul da Roxana Newman a 1977, da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Mu'azu Sani Zariya a 1999. To amma idan aka lura, waɗannan duka kayan aji ne. Kamfanonin sun ɗauki Hausa a matsayin darasin makaranta mai tabbatacciyar kasuwa, ba su ɗauke ta a matsayin harshen da ake ƙaga labari da shi domin mai karatun nishaɗi ba. Birnin da ya reni mujallar Black Orpheus daga 1957 da ƙungiyar Mbari daga 1961, ya kuma zama dandalin marubutan Ingilishi, bai zama mafakar marubucin zube na Hausa ba. Hanyar wannan marubuci ta bi ta Zariya ne, daga baya ta karkata Kano.

Wannan tarihi ba na kasuwanci kaɗai ba ne. Ra'ayinmu shi ne, a kowane zango, hanyar da littafi ya bi ya isa hannun mai karatu ita ce ta tsara zubinsa da tsawonsa, har ma da irin jimlolinsa.

A ɗauki gasar 1933 wadda Rupert East ya shirya a Zariya. Littattafan da ta haifar, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, duk gajeru ne, domin ana bukatar abin da sabon mai karatun boko zai iya gamawa. Akwai edita a tsaye, yana gyara yana ragewa. Amfanin hakan a bayyane yake: Hausar Imam a Ruwan Bagaja tsaf take, kuma karon Alhaji Imam da Malam Zurƙe har yau yana sa ɗalibai dariya. Illarsa kuwa ita ce, tsarin tafiya daga wannan gari zuwa wancan, inda ake ɗinka ƙananan labarai a jikin tauraro guda, ya zama tamkar shi ne ma'aunin ƙagaggen labari a ajujuwanmu na tsawon shekaru. Har ila yau akwai abin lura game da alƙiblar tafiye-tafiyen. Shaihu Umar ya ratsa sahara ne zuwa ƙasashen Larabawa, Ganɗoki ya faɗa duniyar aljannu. Hanyar kurmi, wadda a daidai lokacin take cike da Hausawa masu safarar goro da shanu a jirgin ƙasa, ba ita ce ta ja hankalin waɗannan marubuta ba.

Kamfanin NNPC, wanda aka kafa a Zariya a 1966, ya gaji wannan al'ada ta gasa da tacewa. Littattafan da suka fito a 1980, Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, sannan na gasar Sashen Al'adu na Tarayya a 1982, irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, sun nuna cewa marubuta sun shirya tunkarar birni da kuɗi da fasa-ƙwauri da soyayya. A ganinmu Turmin Danya ya fi sauran ƙarfin zubi, domin ɓarnar da yake nunawa tana da sanadi da sakamako a cikin labarin kansa, ba sai marubuci ya fito ya yi wa'azi ba. Sai dai ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku suka durƙushe daga baya, manyan kamfanoni kuma, na Ibadan da na Zariya, suka koma ga littattafan da jarrabawa ta wajabta saye.

A wannan giɓi ne adabin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano ya tsiro, kuma muhawarar da ya yi da Abdalla Uba Adamu da wasu a jaridu cikin shekarun 1990 sananniya ce ga malamai. Abin da muhawarar ba ta cika tsayawa a kai ba shi ne yadda sana'ar take gudana. Marubuci shi ne mai zuba jari, shi ne edita, shi ne mai kai wa ɗan kasuwa. Jarinsa bai kai ya buga labari mai shafi ɗari uku a tashi ɗaya ba, don haka sai ya raba shi na ɗaya da na biyu da na uku, cinikin na farko ya biya kuɗin buga na biyu. Daga nan ne dabarar yanke labari a inda hankalin mai karatu ya fi tashi ta samo asali, haka ma jan zance da maimaita hirar masoya domin a cika shafuka. Wanda ya soki waɗannan littattafai da tsawaitawa ba tare da ya san wannan ba, ya ga hayaƙi ne bai nemi wutar ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a yi musu kuɗin goro. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya riƙe masu karatu ne saboda ya ɗora soyayyar Sumayya da Muhammad a kan bambancin mai kuɗi da talaka, abin da kowa ya sani a unguwarsu. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya fi shi nauyi. Rabi, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta bayan ya auro Delu, ba ta tsaya kuka ba. Ta kama sana'ar abinci, kuma marubuciyar ta bi lissafin cefane da kuɗin makaranta dalla-dalla, har mai karatu ya gane cewa talaucin gidan yana da tsari da masu haddasa shi. Ƙarshen littafin, inda gobara da asara suka dawo da mijin, ya yi saurin warware ƙulli, kuma edita nagari da ya nemi a sake duba shi. Abin mamaki, da aka tashi fitar da fassararsa ta Ingilishi a 2012, wadda Aliyu Kamal ya yi, kamfanin Blaft na Indiya ne ya buga, ba wani na Jericho ba.

Rashin edita ya fi bayyana a ƙa'idojin rubutu, kuma a nan ne malamin aji yake shan wahala. Ana haɗa wakilin suna da aikatau, a rubuta “yace” maimakon “ya ce”, ana rikita “akan” da “a kan”, haruffa masu ƙugiya kuma su ɓace saboda na'urar mai buga rubutun ba ta da su. Mun taɓa zama a wani kwamitin zaɓen littattafai inda aka ajiye labari mai kyawun jigo saboda kurakuran da ke shafinsa na farko kaɗai, aka koma ga tsohon littafin da ɗalibai suka riga suka haddace amsoshinsa. Mun amince da hukuncin a lokacin, amma yanzu muna ganin kuskure ne, domin aikin tacewa na 'yan makonni ya isa ya ceto littafin. Matsalar ba ta ragu ba da labarai suka koma wayar hannu, ta WhatsApp da Wattpad da masu karantawa a YouTube. Yanke labari ma ya ƙaru, tunda yanzu shafi-shafi ake saki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta dawo da wani abu na alƙalanci da tacewa, ko da yake a fagen gajeren labari ne.

Idan muka koma Sabo, yaron da ya tashi a can yana Hausa a gida, Yarabanci a kasuwa, Ingilishi a makaranta. Idan aka ba shi littafin manhaja, zai karanta fadar sarki da karkarar Arewa da hamada, amma da wuya ya ga unguwa irin tasa. Alhali kuwa kayan labari jibge suke a wurin. Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963 ya kuma wallafa bincikensa a 1969, ya bayyana yadda maigida yake saukar da baƙon falke, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce bashin shanu ga mahauta Yarabawa ba tare da takarda ba, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta sake ɗaure zumuncin unguwar a farkon shekarun 1950. Amana da cin amana, aure tsakanin ƙabilu, ɗan da aka haifa a kurmi wanda idan ya je Kano ake masa kallon baƙo, da fargaba irin ta rikicin kasuwar Sasa a Fabrairun 2021, duk jigogi ne da suka isa ɗaukar babban littafi. Irin wannan labari zai tilasta mana mu yanke shawara a kan Hausar da taurari za su yi magana da ita. Harshen da ya riga ya karɓi agogo da ashana da akawu daga Yarabanci bai kamata ya ƙyamaci muryar Sabo a cikin zancen taurari ba, matuƙar muryar mai ba da labari ta tsaya a kan daidaitacciyar Hausa.

Kamfanonin Ibadan suna bin manhaja ne, ba su taɓa ɓoye haka ba. Ke nan mabuɗin yana hannun masu tsara ta. Idan aka ware gurbi guda a jerin littattafan zube na babbar sakandare domin labarin Hausawan zango, aka sanar da shi shekara biyu kafin sabon zagaye, aka kuma shardanta cewa sai rubutun ya bi ta hannun editan Hausa da za a biya, kamfani zai ga kasuwa, marubuci kuma zai sami yarjejeniya a rubuce da kason ciniki maimakon sayar da labarinsa gaba ɗaya ga ɗan kasuwa. Haka kuma ana iya tace biyu ko uku daga littattafan shekarun 1990, da izinin masu su, a haɗa sassansu a kundi guda, a fara da Alhaki Kwikwiyo.