Jigo da Salo a Waƙar "The Darkling Thrush" ta Thomas Hardy

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a feɗe wata gajeriyar waƙar Turanci ta Thomas Hardy (1840-1928), marubucin nan na yankin Dorset a Ingila. An fara buga waƙar a mujallar The Graphic ranar 29 ga Disamba, 1900. Daga baya ta fito cikin diwaninsa na 1901, ɗauke da kwanan wata Disamba, 1900, watau watan ƙarshe na ƙarni na 19. Masu karatu da yawa, musamman ɗalibai, sukan yanke hukunci cewa jigonta shi ne sa rai ga alheri, don kawai an ji tsuntsu ya rera waƙa cikin duhu. Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa zubin waƙar da siffantawar da ke cikinta ba su goyi bayan wannan fahimta ba.

2.0 Abin da Waƙar ta Ƙunsa

Mawaƙin yana jingine da ƙyauren shinge a bakin wani ɗan kurmi, da almuru, cikin tsananin hunturu. Raɓa ta daskare, jama'a duk sun shige gida jin ɗumi. Yana cikin wannan kaɗaici sai wani ƙaramin tsuntsu mai zaƙin murya, wanda Turawa ke kira thrush, ya ɓarke da waƙa a kan rassa. Mawaƙin ya duba kusa da nesa, bai ga dalilin wannan murna ba.

3.0 Zubi da Tsari

Waƙar tana da baiti huɗu, kowane baiti ɗango takwas. Ba ta da babban amsa-amo mai ratsa waƙa daga farko zuwa ƙarshe irin wanda muka saba gani a rubutattun waƙoƙinmu. Kowane baiti da nasa amsa-amon, mai tsarin ababcdcd. Haka kuma karinta ya dogara ne ga ƙarfin furucin gaɓa, saɓanin namu da ake aunawa da nauyin gaɓa. Dogon ɗango mai gaɓa takwas shi ke zuwa, gajere mai gaɓa shida ya biyo shi. Wannan shi ne karin da aka fi sani a waƙoƙin ibada na majami'un Ingila, ga shi kuwa Hardy ya zuba shakka a cikinsa.

Wani abin lura shi ne rabon baitocin. Rabin waƙar cur ya ƙare kafin a ji ɗuriyar tsuntsun, sai a ɗango na 17 muryarsa ta ɓullo. Baiti na uku, wanda shi ne na tsuntsun, shi kaɗai ne babu lamirin mai magana a cikinsa. Da wannan lamiri aka buɗe waƙar, da shi aka rufe baiti na biyu, shi ne kuma ya dawo a ɗangon ƙarshe. Ashe ke nan damuwar mutum ta yi wa murnar tsuntsu ƙawanya gaba da baya.

4.0 Salon Sarrafa Harshe

Siffantawar baitoci biyu na farko duk ta mutuwa ce. An mai da rana ido mai dushewa. An kamanta busassun rassa masu yaɗo da tsinkakkun tsirkiyoyin wani abin kiɗa na Girkawan da, wanda a adabin Turai alama ce ta waƙa ita kanta. Watau fasaha ma ta yi shiru. A baiti na biyu sai aka mutunta ƙarnin da ke shuɗewa: ƙasa ta zama gawarsa, gajimare ya zama rufin kabarinsa, iska kuwa mai yi masa kukan makoki.

Mai karatu zai zaci tsuntsun zai zo da ƙuruciya da ƙarfi don ya kore wannan hoto. Amma sai aka siffanta shi tsoho, ramamme, ƙanƙane, iska ta hargitsa masa gashi. Shi ma ɗan wannan matacciyar ƙasa ne. In muka gwada shi da tsuntsun John Keats a "Ode to a Nightingale" (1819) da na Percy Shelley a "To a Skylark" (1820), za mu ga bambanci. Waɗancan ba a ganinsu sai jin murya, an kuma ɗaga su sama da halittu masu mutuwa. Na Hardy kuwa ido na ganinsa, tsufa ya kama shi. Bugu da ƙari, baitinsa ya ƙare ne da ambaton duhu mai ƙaruwa. Waƙar tsuntsun ba ta sāke kome ba a sararin.

5.0 Jigo

Gaskiya ne an ambaci sa rai a baiti na huɗu, har an rubuta kalmar da babban baƙi, an kuma kira ta mai albarka. To amma sai a duba ginin jimlar. Baitin duka jimla ɗaya ce, kuma aikatau ɗin da ke ɗauke da ita na yiwuwa ne: mawaƙin cewa ya yi zai iya zaton akwai wani abin sa rai, bai ce ya tabbata akwai ba. Ko da akwai ɗin, tsuntsu ne ya san shi, shi mawaƙin ba shi da labari. Saboda haka, a ganinmu, babban jigon waƙar shi ne halin mutumin da ke kwaɗayin imani amma hankalinsa ya ƙi ba shi hujja. Ƙananan jigogi su ne shuɗewar zamani da kaɗaici.

Zamanin waƙar ya ƙarfafa wannan ra'ayi. Tun 1859 littafin Charles Darwin kan asalin halittu ya girgiza imanin masu ilmi da yawa a Ingila. Yaƙin Afirka ta Kudu (1899-1902) yana ci a lokacin, Hardy kuwa yana da shekara 60.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda kari da rabon baitoci da siffantawa suka taru suka raunana sa ran da ake jingina wa wannan waƙa, ba tare da sun kashe shi gaba ɗaya ba. Darasin da ke nan ga mai nazari, ko waƙar Turanci yake feɗewa ko ta Hausa, shi ne kada ya tsinto jigo daga kalma ɗaya. Wajibi ne ya fara auna inda aka ajiye kalmar, da irin jimlar da ta ɗauko ta.