Kiɗan Muryoyi Biyar: Daga Lardin Guangdong Zuwa Kunnen Bahaushe

Xintang gari ne na tufa. Yana gundumar Zengcheng, gabas da tsakiyar birnin Guangzhou, a bakin kogin Dongjiang, kuma da wandon jins duniya ta san shi. Rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010 ya ce garin na fitar da wando sama da miliyan 260 a shekara, wato fiye da kashi 60 cikin ɗari na jins ɗin da ake ɗinkawa a ƙasar Sin, ya kuma nuna yadda ruwan rini ya ɓata rafukan wurin. 'Yan kasuwarmu da ke sauka a unguwar Xiaobei sukan bi jirgin ƙarƙashin ƙasa su sauya zuwa layi na 13, su isa can su yi sari, a ɗaure musu dila-dila a loda a kwantena.

Amma ba tufa kaɗai wannan yanki ya aiko mana ba. Ya aiko mana da wani sauti da ya zauna a kunnen duk wanda ya tashi a shekarun 1990. A Zhongshan, ɗaya gefen bakin kogin Pearl, kamfanin Subor ya yi suna wajen ƙera kwafin na'urar gem ta Famicom, wadda Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Duan Yongping ne ya karɓi ragamar masana'antar a 1989, har Jackie Chan ya yi musu talla, kafin Duan ya fita a 1995 ya kafa BBK a Dongguan, gidan da Oppo da Vivo suka fito daga cikinsa. Ire-iren waɗannan kwafi, na Sin da na Taiwan, su ne suka cika kasuwanninmu: baƙar na'ura da 'yar bindigar harbin agwagwa, da kaset ruwan ɗorawa mai alkawarin gem dubbai alhali bai fi goma ba da ake ta maimaitawa. Mario da Contra da tankar yaƙi, a gaban talabijin, yara sun yi layi suna jiran a ci wani su karɓa.

Kiɗan da ke fita daga wannan na'ura shi ake kira ciftun a yau, kuma ya zama fanni mai zaman kansa, da makaɗansa da tarukansa. Abin da ya kamata mai son farawa ya sani shi ne ba ɗaukar sauti aka yi aka saka a kaset ba. Wata 'yar ƙwayar lantarki ce a cikin na'urar take ƙirƙirar sautin nan take, bisa umarnin lambobi. Ta Famicom, mai suna Ricoh 2A03, muryoyi biyar gare ta. Biyu masu kaifi ne, su ke ɗaukar karin waƙa, kuma kowace tana da launin murya huɗu da za a zaɓa. Ta uku mai taushi ce da kauri, ita ke riƙe ƙasa, ba a kuma iya rage mata ƙarfi ko ƙarawa, ko dai tana magana ko ta yi shiru. Ta huɗu shuuu ce kawai irin ta rediyon da ya rasa tasha, da ita ake yin ganga da kacau-kacau. Ta biyar tana iya furta ɗan guntun sautin da aka ɗauka, a dishe. Da waɗannan Koji Kondo ya yi kiɗan Super Mario Bros. a 1985, bai ma taɓa ta biyar ɗin ba.

Akwai wani abu da ke burge ni a nan. Abin da muka ji muna yara ba shi ne ainihin abin da yaran Japan suka ji ba. Yawancin kwafin da aka yi wa ƙasashe masu irin talabijin ɗinmu suna bugawa sau 50 a daƙiƙa maimakon 60, don haka kiɗan ya fi tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Sannan da yawa daga cikinsu an musanya musu biyu daga launukan muryar nan huɗu, sai inda ya kamata a ji sirantaka a ji kauri. Wanda ya saurari asalin kiɗan yau ya ji kamar ana gaggawa, kunnensa bai yi ƙarya ba. Namu Marion dabam ne, masana'antun kwafi ne suka rera mana shi.

Kayan aikin rubuta irin wannan kiɗa manhaja ce da ake kira tiraka. Wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya fitar da ta farko a 1987 a kan kwamfutar Amiga mai muryoyi huɗu, ya sa mata suna Ultimate Soundtracker. Matasa suka ɗauke ta suka yi ta gyarawa: ProTracker a 1990, Scream Tracker 3 daga Finlan da FastTracker 2 daga Suwidin a 1994, Impulse Tracker daga Ostireliya a 1995. Daga baya aka yi waɗanda suka keɓanta da na'urorin gem, kamar LSDj ta Johan Kotlinski a 2000 don Game Boy, da FamiTracker a 2005. A Sin ɗin ma an samu masu yi, fitaccensu Sun Dawei na Beijing, wanda aka sani da Sulumi, mai kamfanin faifai na Shanshui da ya kafa a 2003.

Ranar farko da mutum ya buɗe tiraka sai gabansa ya faɗi, domin ba fiyano zai gani ba, ba hoton ganga ba. Baƙin allo ne cike da ɗigo-ɗigo da lambobi. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa kan masaƙi ya riga ya san tsarin. Jins ɗin Xintang zare iri biyu ne kawai, na tsaye da aka rina da shuni da na kwance fari, daga yadda suke haurawa da nutsewa tufar ke fita. Haka allon tiraka yake. Kowace murya zare ce a tsaye, lokaci kuma yana saukowa layi-layi a kwance daga sama zuwa ƙasa, inda suka haɗu nan kake ajiye sauti ko ka bar gurbi. In ka cika shafi guda, galibi layi 64, ka saƙa ɗan siririn ƙyalle ke nan. Sai ka saƙa wani, ka jera su bisa tsarin da kake so, ka maimaita wanda ya cancanci maimaici, kamar yadda ake haɗa sawayen saƙa su zama gwado.

Kowane gurbi yana karɓar abu huɗu: sautin da za a buga, kamar C-4, sai lambar kayan kiɗa, sai ƙarfin murya, sai umarni. Ƙidayar tana tafiya da sha shida-sha shida ne, wato bayan 9 sai A, B, C har F kafin a ce 10, kuma wannan yakan rikita sabon shiga na ɗan lokaci kafin ya zame masa jiki. Umarnin da ake buƙata da farko ba su da yawa. Mai farawa da 1 yana jan sauti sama, mai 2 yana jan shi ƙasa, mai 3 yana zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da yankewa ba, mai 4 yana sa murya rawa, F kuma saurin tafiya. Sai mai farawa da 0, wanda shi ne tambarin fannin gaba ɗaya: tunda murya ɗaya ba ta iya furta sauti uku a tare, sai a sa ta riƙa tsalle a tsakaninsu da saurin da kunne zai ji kamar a haɗe suke. Wannan karkarwar da ake ji a tsofaffin gem, ita ce.

Game da abin da za a fara da shi, ra'ayina a fili yake: kada a sayi komai. Akwai masu cewa sai da Game Boy na asali ko tsohuwar Commodore 64 kiɗan ke zama na gaskiya, kuma na ga wannan magana ta hana mutane farawa fiye da yadda ta gyara kiɗan kowa. Wayar Tecno ko Itel da ke aljihunka, wadda ita ma daga Guangdong ta fito, birnin Shenzhen, ta isa. FamiStudio kyauta ce kuma tana aiki a Android, duk da cewa allonta ya fi kama da na sitidiyo. SunVox ta Alexander Zolotov tiraka ce sosai kuma tana hawa waya. Mai kwamfuta, ko tsohuwa ce 'yar gwanjo, ya ɗauki Furnace ko OpenMPT ko MilkyTracker, duk kyauta, ba sa cin wuri, ba sa neman intanet bayan an sauke su, batir kuma yana jimawa a kansu, abin da ke da muhimmanci a inda wuta ke zuwa da ƙa'idarta. A zaɓi guda a zauna a kanta. Yawo daga wannan manhaja zuwa waccan shi ke cinye watannin farko na mutane da yawa.

Babbar falalar wannan al'ada ita ce fayil ɗin a buɗe yake. Waƙar da aka gama haɗawa a sitidiyo sai dai ka saurara ka yi hasashe, amma fayil ɗin tiraka in ka buɗe shi za ka ga kowane sauti da kowane umarni a inda mai shi ya ajiye. Rumbun The Mod Archive yana tara irin waɗannan tun 1996. Ka kashe muryoyi uku ka saurari ɗaya, ka sauya lamba guda ka ji abin da ya lalace. Karatu ne na gani da ido, kuma ya fi kowane bayani saurin shiga kai. Sai dai buɗaɗɗen fayil ba kayan tsintuwa ba ne. Rikicin da ya tashi a 2007, lokacin da aka zargi makaɗin Amurka Timbaland da ɗaukar kiɗan wani ɗan Finlan, Janne Suni, har yau ba a manta da shi a wannan fage ba.

Inda na fi damuwa shi ne abin da Bahaushe zai rubuta bayan ya iya danna maɓallan. Mafi yawan darussan da zai ci karo da su za su koya masa kiɗan gem na Japan da na Turai, kuma in bai lura ba zai ƙare yana saƙa Mario na biyu. Alhali ƙarancin murya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi zamaninsa har ya rasu a 2015. Goge tsirkiya ɗaya, kukuma ɗaya, gurmi biyu. Shata bai nemi abin da ya wuce kalangai da 'yan amshi ba. Kunnen da ya tashi a kan wannan ya riga ya san yadda ake cika fili da abu kaɗan, wanda shi ne dukan ilimin ciftun.

Kuma an riga an share hanya. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗansa na ogan ɗin lantarki a 1978, da karin gargajiya, aka daɗe ana sa shi a rediyo da talabijin ɗin ƙasar kafin kamfanin faifai na Sahel Sounds su sake fitar da shi a 2013. Hama na Yamai ya bi sahu da faifansa Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019. A Kano, fiyanon Yamaha ne ya haifi kiɗan finafinai a ƙarshen shekarun 1990, zamanin fim ɗin Sangaya, inda aka lalubo sautukan da suka yi kama da sarewa da kalangu a cikin na'urar Japan, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kai. Hatta waɗanda suka riƙa danna lambobi a Nokia 3310 suna haɗa ƙarar kira bayan shigowar wayar salula a 2001, ciftun suka yi da murya ɗaya.

Ga abin da za a gyara tun ranar farko. Shafi mai layi 64 an yanka shi ne don kiɗa mai tafiya huɗu-huɗu, da yawa daga kiɗanmu kuwa uku-uku yake rausaya, ko uku a kan biyu. In ka tilasta shi cikin 64 zai yi ɗingishi. Mayar da shafin layi 48, ka sa alamar haske a kowane layi na 6, sai ka ga bugu biyu da bugu uku duk sun sami mazauni. Karkarwar nan ma, darussa za su ba ka 047 da 037, waɗanda haɗin sautin Turawa ne. Gwada 07C ko 05C, za ka ji sun fi dacewa da karinmu mai matakala biyar. Muryoyin nan biyu masu kaifi kuwa, a al'adar gem akan sa ta biyu ta bi ta farko a baya da layi uku da rangwamen ƙarfi, don a ji kamar amsa-kuwwa. Kai ka ba ta aikin 'yan amshi: ta yi shiru har ta farko ta kai aya, sannan ta karɓa. Muryar shuuu, in ka gajarta ta ka siranta, caki ce. In ka juya ta zuwa yanayinta na biyu mai amon ƙarfe, ta kusa kuge.

Kalangu ya fi wuya, kuma nan ne aikin yake da daɗi. Makaɗi yana matse tsirkiyoyi a hammata sautin ya hau, ya sassauta ya sauka, shi ya sa gangar ke magana. Murya ta uku mai taushi ita ta fi kusa da wannan. Ka buga sauti gajere, ka bi shi da umarnin 3 ya zame zuwa na sama, ka yanke shi kafin ya daɗe, domin kalangu ba ya jan numfashi. Gaɓa mai hawa sauti na sama, mai sauka na ƙasa, mai faɗuwa kuma ka fara sama ka ja ta ƙasa da umarnin 2 cikin layi ɗaya ko biyu. Ba zan ce ƙwayar za ta ba ka fatar akuya ba, kuma kukan goge ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, don gashin baka yana da hayaniyar da lamba ba ta kamawa. Matakalar sautin tiraka ma ta fiyano ce, ba ta zauna daidai da ta gurmi ba, sai ka riƙa ɗan gusa kowane sauti da umarnin daidaitawa, wanda a FamiTracker harafin P ne, kana gwadawa da kunne.

Gwajin da nake ba mai farawa shawara shi ne ya ɗauki kirarin garinsu ko taken wata sana'a da kowa ya sani, ya rubuta shi da wannan murya ɗaya tak, ba ganga ba rakiya, ya kunna wa wani dattijo a gida ba tare da ya gaya masa ko mene ne ba. In dattijon ya faɗi abin da gangar ta ce, a ƙara murya ta biyu. In bai gane ba, yawanci tsawon gaɓoɓin ne bai daidaita ba, sai a koma a ba doguwar gaɓa layi biyu, gajera layi ɗaya, a sake kunna masa.