Jinjina ga Masu Koya wa Ma'aikata Hulɗa da Makafi

A Birtaniya, inda mutane sama da miliyan 2 ke fama da raunin gani, ƙungiyar RNIB, wadda likita Thomas Armitage ya kafa a 1868 bayan ganinsa ya yi rauni, tana horar da ma'aikatan ofisoshi da kantuna yadda za su karɓi makaho.

Darasin kan fara ne daga gaisuwa. Ma'aikaci ya faɗi sunansa, ya yi magana da makahon kai tsaye maimakon ya juya ga ɗan jagoransa, kuma kada ya tashi ya tafi bai sanar ba. Sai jagoranci: ba a finciko hannun mutum a ja shi. A tambaye shi tukuna ko yana son taimako. In ya amince, shi zai riƙe gwiwar hannun mai rakiya, yana biye da shi kaɗan a baya, ana gaya masa ga matakala nan, ta hawa ce ko ta sauka.

Masu horon kan tunatar cewa yawancin waɗanda ake kira makafi suna gani ɗan kaɗan, shi ya sa manyan haruffa da wadataccen haske ke da matuƙar amfani. Sukan kuma nuna yadda ake tsara takarda don manhajar karanta allon kwamfuta ta iya furta ta.

Wannan aiki ya cancanci yabo, domin mutuncin ɗan Adam yake karewa. A Najeriya ma, dokar naƙasassu da aka sanya wa hannu a 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Don haka, shugabannin ma'aikatu, ku gayyato makafi da kansu su horar da ma'aikatanku.