Devdas na jiya da Devdas na yau

Yau hirarmu ta sinima ce. Kun san yadda mutanenmu suke son fim ɗin Indiya tun zamanin da ake biyan kuɗi a ƙofa, a zauna bisa benci a filin Allah, har zuwa yanzu da yara suke kallo cikin salula. To, akwai wata ɗabi'a ta masu yin fim: su ɗauko tsohon labari su sake yin shi da sabbin ƴan wasa. Bari mu ɗauki labari guda, mu aza tsohon da sabon bisa ma'auni.

Sunan labarin Devdas. Wani marubuci ɗan ƙasar Bengal, Sarat Chandra Chattopadhyay, shi ya rubuta shi, aka buga littafin a 1917. An maida shi fim sau da yawa, amma guda 2 suka fi suna. Na farko shi ne wanda Bimal Roy ya shirya a 1955, baƙi da fari, Dilip Kumar ya fito a Devdas. Na biyu Sanjay Leela Bhansali ya shirya shi a 2002, mai launi, Shah Rukh Khan ya fito a Devdas, tare da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit.

Ga labarin a taƙaice. Devdas ɗan mai arziki ne, ubansa na da ƙasa da manoma a ƙarƙashinsa. Paro ɗiyar maƙwabta ce. Tare suka yi wasan ƙasa. Aka tura Devdas karatu nesa, ya dawo ya tarar da ita ta zama budurwa. Gidan su Paro suka kawo maganar aure, gidan su Devdas suka ce ba tsararsu ba ne. A cikin littafin har an faɗi wani dalili da zai ba ka mamaki: dangin Paro suna karɓar kuɗi wurin ango in za su aurar da ɗiya, su kuwa manyan gidajen can abin kunya suke ɗaukar wannan. Abin da mu muke kira sadaki, muna alfahari da shi, a can shi ya zama aibi. Kowace ƙasa da tsarinta.

Paro ta yi ƙarfin hali, ta je ɗakin Devdas cikin dare ta ce ya aure ta. Shi kuwa ya ji tsoron ubansa, ya gudu birnin Kalkata, ya aiko mata da wasiƙa cewa ta manta da shi. Da ya yi nadama ya dawo, bakin alƙalami ya bushe. An ba da ita ga wani dattijo mai dukiya wanda matarsa ta rasu ta bar masa manyan ɗiya. Devdas ya faɗa shan giya, ya tare a gidan wata mai rawa, mai zaman kanta, sunanta Chandramukhi. Giya ta cinye shi, ya je ya mutu a ƙofar gidan mijin Paro.

Kai mai karatu, ka lura: ba jarumi ba ne wannan. Ragon namiji ne wanda ya kasa tsayawa ranar tsayawa. Fim ɗin da zai faɗi gaskiyar labarin, dole ya nuna maka haka.

Bimal Roy ya nuna. Shi mutum ne da ya san talaka. Shi ne ya yi Do Bigha Zamin a 1953, labarin manomin da bashi ya kai shi cin rani Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane don ya fanshi gonarsa. Haka a Devdas ɗinsa, ƙauye ƙauye ne. Akwai tabki, akwai tulu, akwai hanya mai ƙura. Gidan su Paro ƙarami ne, da ka gan shi kusa da na su Devdas ka gane dalilin ƙin auren ba sai an gaya maka ba. Dilip Kumar kuma ba ya ihu. Magana yake yi ƙasa-ƙasa, yana kallon ƙasa, kamar wanda yake jin kunyar kansa. Sannu a hankali fuskarsa take ramewa, tufafinsa suna lalacewa, har a tsince shi kwance a bakin hanya. Duk wanda ya taɓa ganin mashayi a garinsu, wanda ya sayar da akuyar matarsa ya kai mashaya, zai ce lalle haka abin yake. Ba za ka fito daga kallon nan kana sha'awar kwalba ba.

Na 2002 fa? Kai, ido ya sha kallo! An kashe masa kusan rupi miliyan 500, a lokacin babu fim ɗin Indiya da ya kai shi tsada. Har garin Kan na Faransa aka kai shi aka nuna wurin babban bikin finafinai. Ba zan yi maka ƙarya ba, kiɗan da Ismail Darbar ya yi yana da daɗi, rawar Madhuri Dixit kuma sai wanda ya gani. Amma ga inda gizo ke saƙa. An ce Paro ba tsarar Devdas ba ce, sai ga ta cikin gida mai gilashi kala-kala wanda ko sarki bai da irinsa, wuyanta da hannunta duk zinariya. To, ina ƙasƙancin da aka ƙi ta dominsa? Tun da ido bai ga bambanci ba, sai mai shirya fim ɗin ya ƙirƙiro wani dalili: ya sa uwar Paro ta yi rawa a gaban taro, uwar Devdas ta ci mutuncinta, ta ce su jinin ƴan rawa ne. Ya kuma ƙara muguwar matar wa mai haɗa husuma. Laifin da yake na Devdas da na tsarin zaman garin, sai ya koma kan mata biyu masu mugun baki. Wannan sauƙaƙe labari ne, kuma wanke Devdas ne da ruwan da bai cancanta ba.

Ko karatun ma an ƙara masa gishiri. Na 1955 Kalkata aka tura shi. Na 2002 sai Landan, shekara 10, ya dawo da hular Turawa da sanda. Shah Rukh Khan yana kuka, yana fasa kwalabe, yana jera magana mai daɗin ji kamar mai waƙa. Giyar tasa cikin kofuna masu ƙyalli take, ƙarƙashin fitilu ɗari. Yaro matashi da ya kalli wannan zai iya ɗauka lalacewa ma ado ce. Nan ne nake jin tsoro, domin wannan sabon shi ne yake yawo cikin salular ɗiyanmu, tsohon kuwa ba kowa ya san da shi ba.

Dubi kuma yadda aka yi da matan biyu. A fim ɗin Bimal Roy, Paro da Chandramukhi sau ɗaya suka haɗu, bisa hanya. Ɗaya ana ɗauke da ita cikin abin ɗaukar manyan mata, ɗaya tana tafiya ƙasa. Suka dubi juna, ba wadda ta ce uffan, kowa ta wuce. Wannan shirun ya fi magana dubu. A na Bhansali kuwa sai suka zama ƙawaye, har suka yi rawa tare a gidan mijin Paro ranar biki. Rawar ta yi kyau, ni ma na maimaita kallonta. Amma ka tambayi tsohuwar gidanku ko matar aure ta babban gida za ta gayyato mai zaman kanta su taka rawa gaban surukai.

Kada ka ce na goyi bayan tsoho don tsufansa. Yana da nasa aibin. Tafiyarsa a hankali take, wanda ya yini gona zai iya yin gyangyaɗi a tsakiya. Kuma akwai abu guda da finafinan biyu suka yi tarayya a kai, wanda ban yarda da shi ba. Kafin auren Paro, Devdas ya buge ta a goshi har jini ya fito, a tsohon da sanda, a sabon da sarƙar wuya. Duka biyun sun bar tabon nan ya zama kamar alamar soyayya, ita ma Paro ta riƙe shi haka. Mutum ya ƙi ki ranar da kika zo, sannan ya fasa miki goshi don kin samu wani, a ce so ne? In kuna kallo da ƴan mata a gida, ku tsaida fim ɗin a nan ku yi magana.

Bari in ƙare da ƙarshen. A na 1955, Devdas ya sauka daga jirgin ƙasa cikin dare, ya bar baransa Dharamdas yana barci. Ya hau amalanken shanu, yana tari, yana tambayar mai shanun ko sun kusa. Shanu ba su san sauri ba. Ya iso, ya mutu ƙarƙashin itace kamar baƙon da ba a san shi ba. Sai daga baya, ta wasiƙun da aka samu jikinsa, Paro ta ji ko wane ne. Ta ruga, aka rufe ƙofa. Ba ta gan shi ba, bai gan ta ba.

A na 2002 an tausaya masa. An bar shi da sauran numfashi, furanni ja suna zubo masa, har ya hango ta dishi-dishi tana gudu cikin farin zane mai tsawo kafin ƙofa ta rufe, fitilar da ta kunna dominsa ta mutu. Na kalli wannan da maƙwabtana, mata suka yi ta hawaye. Da na sa musu tsohon washegari, ba wanda ya yi kuka. Aka tashi shiru, wani dattijo ya ɗauki butarsa, ya ce shi ya san wani Devdas a garinsu, kuma shi ya taimaka aka ɗauki gawarsa.