Royal Crescent: Kyan Fuska Kaɗai Ba Ya Riƙe Gini

A birnin Bath na Ingila akwai jerin gidaje 30 manne da juna, an tsara su kamar jinjirin wata. John Wood Ƙarami ne ya zana su, aka gina tsakanin 1767 da 1774. Daga gaba sai ka rantse fada guda ce, ga ginshiƙai 114 a jere. Ka zagaya baya kuwa, ka ga kowane gida da kamarsa. Dalili shi ne Wood fuskar kawai ya tsara. Wanda ya sayi fili shi ya gina sauran yadda ya ga dama.

Yau gidajen suna mataki na ɗaya a jerin gine-ginen da dokar Ingila ta kare, kuma UNESCO ta sa Bath cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Kariyar ta yi rana, ba musu. Ƙorafinmu shi ne hankalin jama'a da na hukuma ya fi karkata ga abin da ido ke gani. A shekarun 1970 mai gida na 22 ta yi wa ƙofarta fenti ruwan ɗorawa, rigimar ta kai har gaban minista, kuma ita ta yi nasara.

To, launin ƙofa bai taɓa rushe gini ba. Danshi ne ke yi. Dutsen Bath dutsen farar ƙasa ne mai ƙananan ramuka, yana shan ruwa yana fitarwa. Magina na farko da kwaɓin farar ƙasa suka haɗa shi, wanda ke barin danshi ya fice. Idan aka yi gyara da siminti, ruwa ya rasa mafita, ya taru cikin dutsen; sanyi ya zo ya daskarar da shi, dutsen ya fara ɓarewa. Duk wanda ya ga katangar ƙasa da aka yaɓe da siminti a Kano ko Zariya ya san ƙarshen labarin.

Ga kuma tagogi masu gilashi ɗai-ɗai da ke zubar da ɗumi, alhali sauya su sai da izini. Gidan da ɗumama shi ya gagari mai shi, danshi ne zai gaje shi. Mai son jikokinsa su ga wannan fuska, ya fara tambayar da me ake liƙe duwatsunta.