Waƙoƙin almajiran Adar na tafiya, ba mai rubutawa

A Tawa yanzu, in ka ji bege ko ƙasida, galibi daga waya take fitowa, an yi ta a situdiyo da fiyano, murya a goge tas. Ban ƙi wannan ba. Abin da ke ci mini rai shi ne waƙar da ake turewa gefe, wadda almajirai ke rerawa a ƙofar gida bayan magariba, da wadda gardawa ke ja a gefen wutar karatun dare. Sunanta kawai waƙar bara, don haka ba wanda ya ga ta isa a rubuta.

Turai ma ta yi nata almajiran masu yawo. A ƙarni na 12 da na 13, ɗalibai da ƙananan malaman coci kan bi gari gari neman ilimi, suna waƙa da Latin kan talauci, soyayya, giya, da kwaɗayin manyan coci. Wajen 1230 aka tattara waƙoƙi sama da 250 a littafi guda. Ya kwanta a gidan ibada na Benediktbeuern, kudancin Jamus, sai 1803 aka gano shi. Shi ne Carmina Burana, wanda Carl Orff ya sa wa wasu waƙoƙinsa kiɗa aka fara nunawa a 1937, duniya na saurare har yau.

Namu ba giya suke wa waƙa ba. Yabon Manzo ne, da wa'azi, da kewar gida, da habaici ga marowaci. Kuma ƙasar nan ba baƙuwar wannan al'ada ba ce: a Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu a 1754, ya yi karatu wajen Malam Jibril ɗan Umar, ya yi yawon wa'azi da waƙa. Waƙoƙi irin su Ishiriniya da Imfiraji ba na jin tsoron ɓatansu, suna kan takarda. Waƙar da yara suka ƙaga da bakinsu, da Adaranci, ita ke bin tsofaffi kabari.

Za a ce bara wahala ce, gara ta ƙare. Na yarda, ina ma fatan haka. Shi ya sa nake gaggawa. Jami'ar Tawa na ɗauke da sunan Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar. Ɗalibanta kowa da waya a aljihu. Su shiga zaurukan Illela, Keita da Buza, su zauna gaban tsofaffin malamai da ladabi, su ɗauki muryar, su rubuta baitocin da ajami da boko, har da sunan garin da aka ji kowace waƙa.